Wane rimot zan saya wa jirgin lambu? Na gaji da goge layi

Baban Hanifa (Lesta, Ingila)
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar ƙananan jiragen ƙasa na lambu. Kan jirgi ɗaya gare ni, ƙirar LGB ta Jamus da ake kira Stainz, na hannu na saya tare da taragai uku da layin tagulla mai faɗin 45mm. Layin ya zagaye ciyawar gidan, ya bi ta ƙarƙashin reshen tuffar maƙwabci, ya shige wani ɗan rami da na gina da bulo. Wuta daga taransifoma take bin layin ta shiga ta tayoyi.

To kafin jirgin nan ya yarda ya zagaya ba tare da ya cije ba, sai na durƙusa na bi layin kaf ina gogewa. Ganye, kashin tsuntsu, danƙon bishiya, ga ita kanta tagullar da ta sha ruwa sai ta yi baƙi. Gwiwa ta gaji. Na yanke shawarar sa wa jirgin batir in riƙa tuƙa shi da rimot, amma da na shiga bincike sai sunaye suka yi mini yawa: Micron, Fosworks, Revolution, RailPro, AirWire, Blunami, kowanne da masu yabonsa. Abu biyu ku sa a lissafi. Ina tara kuɗin kan jirgi mai tururi na gaske, ƙila baɗi, kuma ba na son rimot biyu. Sannan Hanifa shekararta 7, ita ce direba, ni yaron mota ne.

Auta (Landan)
Wa alaikumus salam Yaya. Rimot ai yana aljihunka. Ka sa Blunami, kamfanin SoundTraxx na Amurka ne ya fito da shi a 2022. Dikoda ce guda mai Bluetooth a jikinta, ita ke juya moto, ita ke kunna fitilu, ita ke ba da sauti. Ka ba ta wuta daga batir, ka sauke manhaja a waya, magana ta ƙare. Akwai mai amfiya 4 da aka yi don manyan jirage irin naka. In kuma ba ka damu da sauti ba akwai Locoremote na nan Ingila, shi da Wi-Fi yake aiki, ko manhaja ba sai ka sauke ba.

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
Auta, ka taɓa tuƙa jirgi a lambu cikin Nuwamba, hannu a safa, yayyafi na sauka a fuskar waya? Je ka gwada ka dawo mu yi magana.

Ɗana Baban Hanifa, barka da shigowa. Tunda ka ambaci mai tururi, ka ajiye sunayen kamfanoni tukuna ka gane wannan. Jirgin lantarki moto ne a cikinsa, aikin risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, shi ne ta ƙara masa wuta ko ta rage, ta sa shi gaba ko baya. Mai tururi ba shi da moto. Ruwa ne a tukunya, gas yana ci, sai hannaye biyu na ƙarfe a ɗakin direba: ɗaya yana buɗe wa tururi hanya, ɗaya yana juya akala. Kowane hannu sai an ɗaura masa 'yar na'ura mai ja da turawa, sarbo ake ce mata. Dikodar da Auta ya kawo maka don moto aka yi ta, ba ta san wannan aikin ba.

Kuma mai tururi ya fi na lantarki buƙatar rimot nesa ba kusa ba. In lambunka yana da ɗan tudu komai ƙanƙantarsa, a hawa zai yi nishi ya nemi tsayawa, ka buɗe masa ya haura, da ya juyo gangara sai ya kwasa a guje. Ƙaramar kwanar LGB kuwa santimita 60 ce daga tsakiya zuwa layi. Abu mai tafasasshen ruwa da matsin da ya kai 40 psi, ba ka so ka ga ya kife a ciyawa kusa da yarinya. A irin wannan lokacin ba ka da daƙiƙar da za ka sunkuyar da kai ka nemi inda za ka taɓa a gilashi. Nawa rimot ɗin ɗan akwati ne mai maɓallin murɗawa ɗaya. Ido a kan jirgi, babban yatsa a kan maɓalli, yadda muke kamo tasha a rediyo cikin duhu ba tare da mun kunna aci-balbal ba.

Auta (Landan)
Kawu Allah ya ƙara lafiya, ban musa ba a kan mai tururi. Amma bai saya ba tukuna, ƙila ma ba zai saya ba. Don abin da bai zo ba za a hana shi sauti?

Baban Hanifa (Lesta, Ingila)
Zan saya in sha Allahu, Auta, kar ka yi mini baki. Akwai kuma wani abu: in na ba Hanifa wayata, jirgi ne zai bi layi ita kuma ta bi YouTube.

Mai Rediyo (Kaduna)
Jama'a ku yi haƙuri da ni. Tun ɗazu nake karantawa ina zaton wani kwantiragin jirgin ƙasa kuka samu. Ashe magidanta da furfura ne ke gardama a kan kayan wasa? Ikon Allah. Amma ku ci gaba, maganar batir ta ja hankalina.

Injiniya (Hambug, Jamus)
Malam Mai Rediyo, a nan Jamus tun 1968 da kamfanin Lehmann na Nurembag ya fito da LGB ake wannan wasan, kuma tsofaffi sun fi yara yawa a ciki.

Baban Hanifa, ni ban yarda da tushen tambayarka ba. Ba wutar layi ce matsalarka ba, yadda aka haɗa layin ne da kuma irin wutar. Da taransifoma ta gargajiya, in kana so jirgi ya tafi a hankali sai ka rage wutar, ƙaramar wuta kuwa ba ta iya ratsa dauɗa. A tsarin DCC layin kullum cike yake da wuta, sama da 20V, umarni ne kawai ke bi ta cikinta zuwa dikodar da ke cikin jirgi. Kamfanin Lenz na nan ne ya assasa tsarin, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida ta kowa, shi ya sa dikodar kamfanin Zimo ko ESU ko Massoth duk suna jin umarni iri ɗaya. Ka ɗaure mahaɗan layinka da maƙalai masu kusa maimakon waɗanda ake zurawa kawai, ka sa wa jirgin ma'ajiyar wuta da za ta riƙe shi in ya taka ganye, ka sayi Navigator na Massoth, rimot ne marar waya. Kana yawo a lambu da shi a hannu, babu caji, babu buɗe jirgi a cusa batir. Ni jirage da yawa nake sakewa lokaci guda tun safe har magariba. LGB ma suna da kan jirgi na musamman mai goge layi da kansa.

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
Injiniya ka faɗa masa kuɗin. Akwatin umarni, da mai ba shi wuta, da risibar rimot, da rimot ɗin, da dikoda, da maƙalai na kowace mahaɗa, sannan jirgin shara. Mutum mai kan jirgi ɗaya.

Kuma ka faɗa masa abin da mai tururi ke yi wa layi. Yana tafe yana tofar da mai da ruwa ta bututu, ranar da ya zagaya sau goma washegari na lantarki sai santsi da tsayawa. In kuma tayoyinsa ba masu kariya ba ne, da ka ɗora shi a layi mai wuta ya haɗe ɓangarorin biyu, komai ya mutu.

Injiniya (Hambug, Jamus)
Kawu, ranku ya daɗe, ana sayar da masu tururi da tayoyi masu kariya, kun fi ni sani. Maganar kuɗi kuma ta danganta da inda zai tsaya. A kan jirgi ɗaya ko biyu batir ya fi arha, na yarda. Ranar da suka kai goma, kowanne da batirinsa da risibarsa, ga jiran caji, sai lissafin ya juye. Kuma a wannan harkar ban ga wanda ya tsaya a biyu ba.

Baban Hanifa (Lesta, Ingila)
Injiniya na gode, amma ba ka ga lambun ba kuma ba ka ga uwargida ba. A biyu zan tsaya. Bishiyar kuma ba tawa ba ce balle in sare.

Ɗan Teksas (Amurka)
Salam. Na makara. Yaya Baban Hanifa, abin da Injiniya yake so da abin da kake so ana iya haɗa su. AirWire na kamfanin CVP, nan jiharmu yake, DCC ɗin nan ce yake aikawa ta iska. Risibarsa a cikin jirgi tana karɓa ta miƙa wa dikoda, wuta kuma daga batir. Ka ga ka samu sauti da fitilu irin na DCC, ka huta da goge layi. Rimot ɗin yana da maɓallin murɗawa yadda Kawu ke so. Kuma da 900 MHz yake aiki, ya fi 2.4 GHz ratsa ganye da bango.

Maman Sadiq (Manchesta)
Ɗan Teksas, tsaya nan. Zangon 902 zuwa 928 MHz a Amurka ne aka sake shi ga irin waɗannan na'urori. A Turai wani sashe nasa na layukan wayar salula ne, abin da aka ware mana a nan yana wajen 868. Mutum ya yo odar na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka ya kunna ta a Lesta, ya shiga gonar da ba tasa ba. Baban Hanifa, duk abin da za ka saya daga waje ka fara duba zangonsa. Shi 2.4 GHz a buɗe yake nan da can, shi ya sa kusan kowa ya koma kansa.

Ɗan Teksas (Amurka)
To Anti, a cire AirWire. RailPro da Revolution duka 2.4 ne. RailPro ma yana da abin da babu a sauran: ka haɗa kawuna biyu ko uku su ja taragai tare, su da kansu suke raba nauyin tsakaninsu, ba sai ka zauna kana daidaita gudun kowanne ba. Rimot ɗin yana da gilashi mai hoton jirginka, ga maɓallin murɗawa.

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
Kawuna uku! Ɗan Teksas ku can lambunanku filin idi ne, jiragenku kuma irin na kamfanin USA Trains, moto biyu da fitilu da hayaƙi, masu shan wuta sosai. Shi Stainz ɗin yaron nan moto ɗaya ne, yana jan taragai uku. Kayan da kake lissafawa sun yi masa yawa, kuma har yanzu babu wanda ya nuna mini inda zan jona sarbo.

Maman Sadiq (Manchesta)
Akwai tambayar da babu wanda ya yi: in kamfanin ya rufe fa? Ba fata nake ba, an gani. Lehmann mai LGB ya durƙushe a 2006, sai da Märklin ya saye shi a 2007. Aristo-Craft, wanda ya fito da Revolution, ya rufe a ƙarshen 2013. Revolution ɗin ya tsira don wasu sun ci gaba da yin sa, amma ba kowane kaya ke samun wannan sa'ar ba. In rimot da risiba ba sa jin yaren kowa sai na junansu, to ka ɗaura kanka a ƙafar kamfani ɗaya.

Shi ya sa ni nake karkata ga masu amfani da DSM2 da DSMX, yaren da Spektrum ya fito da shi don masu jiragen sama da motocin rimot. A nan Ingila risibobin Deltang sun yi tashe a wajen masu jiragen lambu, ƙanana ne ƙwarai kuma da na'urar daidaita gudu a jikinsu. Da suka daina samuwa, Micron ya ci gaba da yin nasa masu jin yaren nan, don haka tsofaffin rimot ba su zama shara ba. Suna da risiba ta moto, suna da ta sarbo, rimot ɗaya ke tuƙa duka. Akwai mai makunnin zaɓi na jirage 12: ka juya zuwa 1 Stainz ne, ka juya zuwa 2 mai tururi ne.

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
Ni Fosworks nake riƙe da shi, Hajiya, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ma yana da na moto da na sarbo, ɗan akwatin ya zauna a tafin hannu, kuma a ƙasar nan ake yin sa, in ka kira waya mutum ne zai ɗauka.

Maman Sadiq (Manchesta)
Ban ce yana da laifi ba Kawu, kaya ne mai kyau. Yarensa nasa ne shi kaɗai, abin da na ce ke nan. Kowa ya auna abin da ya fi damunsa.

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
Ku yaran yanzu kun samu sauƙi har kuna zaɓen yare. Da can 27 MHz ne da 40 MHz, shi 35 na masu jiragen sama ne ba a taɓa musu. Kowane rimot da ƙwayar kiristal ɗinsa, risiba da tata, sai sun dace. In an taru a lambun wani, akwai allo da ake rataye 'yan maƙalai, sai ka ɗauki na zangonka kafin ka kunna, in wani ya riga ka sai ka zauna ka sha shayi. Eriya kuwa doguwa, kana juyowa ka tsokane wa na kusa ido. Mafi muni, ƙarfe na gogar ƙarfe a jikin jirgi sai sarbo ya kama karkarwa shi kaɗai, jirgi yana tafe yana zabura. Da 2.4 GHz ya shigo wajen 2005 duk wannan ya kau. Sau ɗaya za ka ƙulla rimot da risiba su san juna, mutum ashirin su kunna a wuri guda babu mai shiga na wani. Na faɗi wannan ne don kar ka ga tsohon mai tururi na hannu da arha ka ɗauka ba ka duba ba. In ka ga doguwar eriya ka sa kuɗin canja rediyon a cinikin.

Mai Rediyo (Kaduna)
Yanzu kun zo fagena. 2.4 ɗin nan tsawon zangonsa santimita 12 da rabi ne, shi ya sa eriyar risiba 'yar waya ce da ba ta wuce santimita 3 da ɗan ɗoriya ba. In kun ga doguwar waya mai ɗan tsiraici a ƙarshe, tsiraicin nan shi ne eriyar, sauran rakiya ce. Kar a yanke, kar a naɗe, kar a kulle ta cikin akwatin ƙarfe. Jirgin roba babu damuwa. Na ƙarfe irin na Kawu a leƙo da ita ta taga ko ƙofa. Ruwa kuma yana shanye shi, jiƙaƙƙen ganye da jikin mutum duk suna rage masa ƙarfi.

Batir fa, wane iri kuke sawa? Mu nan ƙwayoyin litiyom ɗin nan da ake kira 18650 muke cirowa daga matattun batiran laftof mu haɗa fitilu da fanka.

Maman Sadiq (Manchesta)
Su ne dai Malam, amma Baban Hanifa kar ka sa na cire-cire a abin da yarinya za ta riƙa ɗauka. Ga lissafin. Ƙwayar 18650 ana rubuta mata 3.7V, amma in ta cika 4.2V ce. Huɗu a jere 14.8V a takarda, 16.8V da an cire daga caji. Wannan lamba ta biyun ita za ka kai wa takardar risiba. Mutane suna ganin an rubuta risiba tana ɗaukar 16V su ce ai batirina 14.8 ne, su jona, hayaƙi ya tashi. Moton LGB yana ɗaukar sama da 20V, amma a wannan wutar gudun tsere yake yi. Ƙwaya huɗu ta ishe ka, uku ma ta isa in Hanifa ce direba, don ko ta murɗe maɓallin har ƙarshe jirgin ba zai tashi sama a kwana ba.

Daɗewa kuma raba ƙarfin batir za ka yi da abin da jirgi ke sha. In ƙwayoyin 3000mAh ne kuma jirgin yana shan rabin amfiya, awa 6 ke nan a lissafi. Ka auna naka da mita, kar ka ɗauki zato.

Abin da ba na sassautawa a kai: ka sayi haɗaɗɗen batir mai allon kariya a jikinsa, wanda zai yanke wuta in ya kusa ƙarewa ko ya cika ya wuce. Fiyus a kan jar waya, dab da batir, kafin makunni, kafin komai. Cajar da aka yi don wannan adadin ƙwayoyin. Kar ka yi caji a rumfar lambu cikin hunturu, litiyom ba ya son caji in sanyi ya kai na ƙanƙara. Kar ka jona ka tafi barci.

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
Ko kuma ya huta da duk wannan wa'azin ya sa batirin NiMH, mai caji ne amma ba litiyom ba. Ƙwaya 12 irin ta AA, kowacce 1.2V, 14.4V ke nan. Sun fi nauyi, sun fi cin wuri, amma ba sa tashin gobara da sauƙi, nauyin kuma a kan jirgi alheri ne, yana ƙara wa taya kamu. Ka nemi irin Eneloop masu riƙe caji, ka ajiye jirgi tun Disamba ka ɗauko a Maris da sauran wuta.

Baban Hanifa (Lesta, Ingila)
Kawu ƙwaya 12 a ina? Na buɗe shi jiya. Cikin tukunyar akwai dunƙulen ƙarfe na nauyi da abin hayaƙi, ɗakin direba kuma a buɗe yake ana ganin komai. Ko ƙwaya huɗun Maman Sadiq ban ga inda za su shiga ba sai na yi yanka.

Ɗan Teksas (Amurka)
Kar ka yanka komai Yaya. Ɗauki ɗaya daga cikin taragan, rufaffe, ka zuba batir da risiba da fiyus da makunni a ciki, waya biyu su fito ta gaba da ɗan fulogi su shiga jirgi. Nan haka da yawa suke farawa. In ka ƙara wani na lantarki gobe, taragon nan ɗaya ya ishe su. Sifika ma ta fi samun wuri a can in ka so sauti daga baya.

Auta (Landan)
Kun ga an dawo maganar sauti. A tsarin su Anti sai ya sayi wani allon sauti daban irin MyLocoSound ya yi ta haɗa wayoyi. Nawa a haɗe yake.

Injiniya (Hambug, Jamus)
A haɗe yake da kukan jiragen Amurka, Auta. Stainz ɗan ƙaramin jirgin Ostiriya ne na layi mai faɗin 760mm. Ka sa masa ƙararrawa da usur na Amurka, maƙwabtana su ji, sai sun kira taro. Ni dai har yanzu ina ganin jan tarago ɗaya a bayan jirgi kullum kamar jela ba tsari ba ne. Ranar da yake son jirgin ya fita shi kaɗai ya ɗauko taragai fa?

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
760mm ka ce? Kusan faɗin tsohon layin Zariya zuwa Jos ke nan, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway, ƙafa 2 da inci 6. An gama shi zuwa Bukuru a 1914 don kwasar kuza, aka rufe a 1957. Mahaifina ya sha ba mu labarin rashin saurinsa. Taragan da nake ginawa da katako yanzu irin nasa nake kwaikwayo. Wannan hira ce ta wata rana.

Ɗana, ga abin da za ka tambayi mai sayarwa wanda ba a rubutawa da manyan baƙaƙe. In sigina ta yanke, me jirgin zai yi? Wasu risibobin tsayawa suke cak, wasu su ci gaba da gudun da suke kai. Kana da rami na bulo. In mai tsayawa ce kuma siginar ta ɓace a ciki, sai ka kwanta rub da ciki ka zura hannu. Ga na lantarki ci gaban ya fi, ka kashe rimot ma ka zauna kana kallo yana zagayawa. Ga mai tururi ni akasin haka nake so: sigina ta ɓace, sarbo ya rufe tururi.

Maman Sadiq (Manchesta)
A yawancin na kirki ana iya saita wannan, kowace risiba da nata. Haka ma maɓallin. Akwai saitin da tsakiya ne tsayawa, dama gaba, hagu baya. Akwai wanda ƙarshen hagu ne tsayawa, gaba da baya kuma da makunni daban. Ga yarinya na farkon ya fi sauƙi, musamman in maɓallin yana da ɗan ƙas a tsakiya da yatsa zai ji. Mai tururi na biyun yake so, tunda hannayensa biyu ne. Ka faɗa wa mai sayarwa duka biyun za ka tuƙa kafin ya haɗa maka.

Baban Hanifa (Lesta, Ingila)
Allah ya saka da alheri. Na karkata ga mai murɗawa na 2.4 da tarago a baya. Tsakanin na Kawu da na Maman Sadiq sai na riƙe kowanne a hannu. Kawu, mai tururin da nake hange Millie ne na kamfanin Roundhouse, shi ne kuɗina zai kai.

Kawu Na-Reluwe (Yokshaya)
Jirgi ne mai kyau, nan Donkasta kusa da ni ake ƙera su tun 1982. Amma ka sani Millie ba shi da hannun juya akala. In kana so ya koma baya, da hannunka za ka tura shi baya kaɗan, sai ya ɗauka. Sarbo ɗaya ke nan, na tururi kawai. In kana son gaba da baya daga inda kake zaune, sai irin Lady Anne, kuɗin kuma ya ɗaga. Ka zo taron ƙungiyar masu jiragen lambu da ake kira 16mm na yankinku, za su ba ka rimot iri-iri ka riƙe, ba sa rowa. Ka zo da direbar.

Mai Rediyo (Kaduna)
Tambaya ta ƙarshe daga mai kallo. In kun sa batir, tayoyin nan da ke ɗaukar wuta daga layi fa? Ai wutar batir za ta bi ta cikinsu ta koma layin.

Maman Sadiq (Manchesta)
Malam ka taɓo wurin da ake ƙona risiba. Dole a raba moto da layi gaba ɗaya. Baban Hanifa, kifar da jirgin a kan tawul. Tsakanin tayoyi za ka ga 'yan takalma biyu na ƙarfe masu sifirin da ke goga layi, ka cire su. Ka kwance murfin ƙasa a hankali, a bayan tayoyi akwai 'yan gawayi masu sifirin su ma, suna tsalle in ba ka dafe ba, ka yi aikin a cikin faranti. Kar ka ɗaga gatarin tayoyin daga mazauninsa, in haƙoran giya suka goce sandunan gefe za su riƙa cijewa.

Sannan ka ƙirga 'yan ƙusoshin jona wuta da suka fito ta saman akwatin moton. In huɗu ne, biyu na layi biyu na moto, aikinka ya yi sauƙi. Tsofaffin uku gare su, don an haɗe ƙafa ɗaya ta moto da layi tun daga ciki.

Baban Hanifa (Lesta, Ingila)
Na duba yanzu. Uku ne.

Maman Sadiq (Manchesta)
To sai ka buɗe akwatin ka raba su, ka liƙa wa ƙafar moton wayarta ta kanta da dalma ka fito da ita. In ka gama, sa mita a kan gwajin haɗuwa, tsinke ɗaya a ƙafar moto, ɗaya a kan taya, ka bi tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ka koma ɗaya ƙafar ka sake. In mitar ta yi ƙara ko sau ɗaya, kar ka jona batir. Turo hoton cikin akwatin kafin ka taɓa komai, in nuna maka inda za ka raba.